Yadda Feftaid Masu Kashe Bakteriya Ke Kama Tantani Su Fasa Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ɗaliban nazarin ƙananan halittu, da na harhaɗa magunguna, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suka fi maimaitawa. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa na masu gwaji da hannunsu.

1. Mene ne feftaid mai kashe bakteriya?

Feftaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato sinadaran da ake gina furotin da su. Waɗanda muke magana a kansu galibi suna da amino asid 12 zuwa 50, kuma kusan kowane mai rai yana ƙera irin nasa: ƙwari, kwaɗi, tsirrai, shanu, mutane, har da bakteriyar kansu don kawar da abokan gasa. A jikin mutum suna nan a fata, da yawu, da hanji, da hanyar numfashi, da cikin fararen ƙwayoyin jini. Rumbun bayanai na APD da ke Jami'ar Nebraska a Amurka ya tattara fiye da 3,000 da aka samo daga halittu.

A 1939 René Dubos ya fitar da giramisidin daga wata bakteriyar ƙasa. A 1981 Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin suka bayyana sekrofin daga wani malam-buɗe-littafin dare mai suna *Hyalophora cecropia*. A 1985 ƙungiyar Robert Lehrer a Los Anjalis ta bayyana difensin na fararen ƙwayoyin jinin mutum, sai Michael Zasloff a 1987 ya gano magainin a fatar kwaɗon Afirka *Xenopus laevis*.

2. Jerin amino asid ɗinsu ya sha bamban. To me ya haɗa su?

Abu biyu. Na farko caji: yawancinsu suna ɗauke da cajin tarawa, daga +2 zuwa +9, saboda yawan laisin da arjinin. LL-37 na mutum yana da +6, folimiksin B yana da +5, magainin 2 yana tsakanin +3 da +4 gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Na biyu shi ne fuska biyu. Kusan rabin amino asid ɗinsu masu gudun ruwa ne, irin su lusin da fenilalanin da tiriftofan, kuma idan sarƙar ta naɗe sai masu gudun ruwan su taru gefe guda, masu cajin su taru a ɗaya gefen.

Siffar da ke kawo wannan rabuwa ba ɗaya ba ce. Magainin da sekrofin da LL-37 murɗewa suke yi su zama alfa-heliks, inda amino asid 3.6 ke cika zagaye ɗaya, don haka na ɗaya da na huɗu ko na biyar da na takwas duk gefe guda suke kallo. Difensin kuwa shimfiɗaɗɗen naɗi gare su, wanda gadojin salfa uku suka ɗaure. Indolisidin na shanu, mai amino asid 13 kacal, biyar daga ciki tiriftofan, ba ya ɗaukar ko ɗaya daga siffofin nan, amma yana aiki.

3. Yaya tantanin bakteriya yake, kuma ina ya bambanta da namu?

Kowane tantani, wato siririyar fatar da ke kewaye ƙwayar halitta, falle biyu ne na lifid, sinadarai masu maiƙo. Kawunan lifid masu son ruwa suna kallon waje da ciki, jelunansu masu gudun ruwa sun haɗu a tsakiya. Kaurinsa duka nanomita 4 zuwa 5 ne, tsakiyar mai maiƙo kuma kusan nanomita 3. Bambancin yana kawunan. A tantanin ciki na *Escherichia coli* kusan kashi 75 cikin 100 lifid ne mai suna PE wanda cajinsa ya soke juna, kusan 20 PG ne, kusan 5 kadiyolifin, kuma biyun ƙarshe masu cajin ɗebewa ne. A *Staphylococcus aureus* PG da kadiyolifin ne suka fi rinjaye.

A ƙwayoyin jikinmu fallen waje PC ne da sifingomayelin, duka marasa caji a jimlace. Lifid mai cajin ɗebewa da muke da shi, wato PS, an ɓoye shi a fallen ciki. Muna kuma da kolestarol, wanda ke matse jelunan lifid ya taurara tantani, bakteriya kuwa galibi ba su da shi. Sai bambancin lantarki: cikin bakteriya mai rai yana ƙasa da wajenta da kusan milibolt 130 zuwa 150, abin da ke ƙara jan mai cajin tarawa zuwa ciki, alhali na jajayen ƙwayoyin jini kusan milibolt 10 ne.

4. Bakteriya tana da bango. Ta yaya feftaid ke isa ga tantanin ciki?

Ya danganta da irin bakteriyar. A rukunin da ake kira Giram-negatif, irin su *E. coli*, ban da tantanin ciki akwai tantanin waje, wanda fallensa na sama LPS ne, wato lifid mai ɗauke da sarƙar sukari. Gindin LPS, da ake kira lifid A, yana ɗauke da fosfet masu cajin ɗebewa, waɗanda da an bar su da sun ture juna. Ayon na maganiziyam da kalsiyam, masu cajin tarawa, su ne ke shiga tsakani suna riƙe su. Ƙofofin furotin da ke tantanin wajen ba sa barin abin da nauyinsa ya wuce dalton 600 ko kusa da haka ya shiga, magainin kuwa ya kusa 2,500, saboda haka ba ta nan yake bi ba. Abin da yake yi shi ne ya ture maganiziyam da kalsiyam ya maye gurbinsu, tunda ya fi su kama LPS. Da yake ya fi su girma nesa ba kusa ba, sai LPS ya wargaje a wurin, tsaga ta buɗe, wasu feftaid su bi ta ciki. Robert Hancock na Jami'ar British Columbia a Kanada ne ya bayyana wannan hanya da feftaid ke buɗe wa kansa ƙofa.

A rukunin Giram-fozitif, irin su *S. aureus*, babu tantanin waje, sai bangon feftidogilaikan mai kaurin nanomita 20 zuwa 80. Raga ce mai manyan idanu, ba ta tare ƙaramin abu kamar feftaid. Amma akwai asid taikoyik masu cajin ɗebewa a cikinta, kuma aikinsu kaifi biyu ne: suna janyo feftaid kusa da tantani, suna kuma iya riƙe wani kaso a hanya ya ƙi ƙarasawa. Bakteriya na amfani da wannan wuri wajen kare kanta, duba tambaya ta 13.

5. Daga lokacin da ya taɓa tantanin ciki, me ke biyo baya?

A cikin ruwa magainin da ire-irensa ba su da tsayayyiyar siffa, zare ne kawai ke yawo. Caji ne ke fara janyo su, har yawansu a dab da fuskar tantani ya ninka na cikin ruwa sau da yawa. Da sun taɓa kawunan lifid sai su murɗe, fuska biyun ta bayyana, gefen gudun ruwa ya nutse ƙarƙashin kawunan, gefen caji ya tsaya tare da fosfet. A wannan mataki feftaid a kwance yake, kuma bai yi wata ɓarna ba tukuna.

Ɓarnar daga cunkoso take zuwa. Kowane feftaid da ya kwanta ya ci wuri a fallen waje, fallen ciki kuwa bai ƙaru da komai ba. Kamar sahu ne da ya riga ya cika ana ta cusa mutane: na farko da na biyu a matsa musu, amma akwai adadin da in an kai, dole sahun ya karkace. Kawunan lifid suna buɗewa, jeluna su lanƙwashe don cike gurbin da ke ƙarƙashin feftaid, tantani ya sirance. Huey Huang na Jami'ar Rice ya auna wannan sirancewa, ya kuma nuna cewa akwai iyakar da in aka ƙetare ta feftaid ke barin kwanciya su miƙe cikin tantani. Ga magainin a wasu lifid, iyakar tana kusa da feftaid ɗaya ga lifid 30.

Wannan iyaka ita ce jigon batun duka. Yawan feftaid a cikin ruwa na iya zama maikromola kaɗan, amma abin da ke kisa shi ne yawan wanda ya hau tantani. Awon da aka yi a kan *E. coli* ya nuna sai miliyoyin feftaid sun manne wa ƙwaya ɗaya kafin ta mutu. Duk abin da ya hana cunkoson nan, gishiri ne ko furotin na jini ko roba, ya kashe aikin.

6. Waɗanne hanyoyi ne tantanin ke fashewa?

Littattafai sun fi ambaton uku. Ta farko ita ce hudar allunan ganga: feftaid suna miƙewa gefe da gefe su kewaye rami, fuskarsu ta gudun ruwa tana jingine da jelunan lifid, ta son ruwa tana kallon ramin, babu lifid a bangon hudar. Wannan na buƙatar tsawon da zai ratsa nanomita 3, wato amino asid kusan 20 a murɗe, tunda kowanne yana ƙara nanomita 0.15. Alametisin, mai amino asid 20 daga naman gwari *Trichoderma viride*, shi ne tabbataccen misali, kuma faɗin hudarsa kusan nanomita 1.8 ne. Kusan ba shi da caji, abin da ya sa 'yan uwansa ke iya jerawa ba tare da ture juna ba.

Ta biyu huda ce mai lanƙwasasshen baki. A nan fallen waje yana lanƙwasowa ya haɗe da na ciki, sai bangon hudar ya zama gaurayen feftaid da kawunan lifid. Kawunan masu cajin ɗebewa su ne ke shiga tsakanin feftaid masu cajin tarawa. Katsumi Matsuzaki a Japan da ƙungiyar Huang suka bayyana ta a 1996 a kan magainin, melitin ma haka yake yi. Ta fi ta farko faɗi, ba ta daɗewa, kuma tana da alamar da ake gane ta: lifid na tsallakawa daga falle zuwa falle ta bakin hudar, kuma in ta rufe wasu feftaid sukan faɗa ɓangaren ciki.

Ta uku ita ce shimfiɗa, wadda Yechiel Shai na Cibiyar Weizmann ya gabatar a 1992 a kan damaseftin na fatar kwaɗo. Feftaid ba sa miƙewa, rufe fuskar tantani suke yi gaba ɗaya, har ya tsattsage ya zama 'yan dunƙule kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙo. Gajerun feftaid da ba za su iya ratsa tantani ba sun fi bin wannan hanya.

7. A cikin ukun wacce ce daidai?

Tambayar kan sa ɗalibai haddar da ba ta da amfani sosai. Feftaid guda na iya yin huda mai lanƙwasasshen baki in yana da ƙaranci, ya koma shimfiɗa in ya yi yawa, ya kuma canza hali in aka canza lifid. Ban da alametisin da 'yan kaɗan, hujjar tsayayyiyar huda ba ta da ƙarfi. A gwajin lifosom, wato 'yan ƙananan jakunkunan lifid da ake cusa wa rini a ga ko zai yoyo, sau da yawa yoyo yakan fara da sauri sannan ya tsaya cikin 'yan mintuna alhali rini bai gama fita ba. Da huda ta dindindin ce, ko guda ɗaya ta isa ta zazzage lifosom ɗin. Bayanin da ya fi dacewa shi ne feftaid sun taru a falle ɗaya, tantani ya yi rauni na ɗan lokaci, suka tsallaka har ɓangarorin biyu suka daidaita, sannan ya rufe. William Wimley na Jami'ar Tulane yana cikin waɗanda suka fi jaddada wannan. Shawararmu ita ce a ɗauki ukun a matsayin zanen koyarwa, a mai da hankali kan iyakar da aka yi bayani a tambaya ta 5.

8. Me ke kashe bakteriyar takamaimai?

Bakteriya ba ta da maitokondiriya, tantanin cikinta shi ne injin makamashinta. Tana tura furoton, wato ayon na haidirojin, waje, dawowarsu ciki ke juya inzayim mai ƙera ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya, kuma da wannan ƙarfin take shigo da abinci. Ƙaramar kafa da fotasiyam da furoton za su bi ta isa ta rushe bambancin lantarkin nan cikin daƙiƙu ko mintuna. In kafar ta ƙara faɗi sai ATP da sauran ƙananan sinadarai su zube. Ba lallai ƙwayar ta tarwatse ba: sau da yawa ana ganin ta da siffarta a madubin ƙara girma alhali ta mutu.

Akwai kuma kisa ba tare da yoyo mai yawa ba. Feftaid na iya tattara PG da kadiyolifin wuri guda, ya canza laushin tantani, sai furotin da ke jingine da shi su saki. An nuna haka da wani ɗan gajeren feftaid na arjinin da tiriftofan mai amino asid shida, wanda ya ɓamɓare MurG mai ginin bango da saitokurom c na numfashi daga tantanin *Bacillus subtilis*.

9. Shin akwai wani takamaiman furotin da suke nema, kamar yadda fenisilin ke yi?

Ga yawancinsu babu. A 1990 aka ƙera sekrofin da magainin da melitin da amino asid na D zalla, wato hoton madubi na na halitta, aka ga ƙarfinsu bai ragu ba. Da furotin suke kamawa da juyin ya hana su, domin furotin na bambance hagu da dama, lifid kuwa bai cika damuwa ba.

Nisin ya fita daban. Feftaid ne mai amino asid 34 daga *Lactococcus lactis*, wanda ake sa wa cuku da abincin gwangwani da lambar E234. Zobbansa biyu na farko suna kama fairofosfet na lifid II, wato sinadarin da ke ɗauko tubalin bango daga ciki zuwa waje. Da wannan riƙo yana tsayar da ginin bango, sannan nisin takwas da lifid II huɗu su haɗu su yi huda mai faɗin kusan nanomita 2. Shi ya sa yake aiki a ma'aunin nanomola, inda magainin ke buƙatar maikromola. Filektasin da wasu difensin ma suna kama lifid II.

10. Akwai masu wucewa ciki ba tare da fasa tantani ba?

Akwai. Buforin II, mai amino asid 21, yana da furolin a tsakiya da ke karya murɗinsa. Yana tsallaka tantani ya je ya kama DNA da RNA, kuma in aka cire furolin ɗin sai ya daina shiga ya koma mai huda. Masu yawan furolin, irin su afidesin na ƙudan zuma da onkosin da Bac7, suna bi ta wani furotin mai jigila da ake kira SbmA, su toshe hanyar fitar sabon furotin a ribosom, injin ƙera furotin na ƙwaya. Su kam in aka juya su zuwa D sukan rasa yawancin ƙarfinsu, akasin abin da ke tambaya ta 9.

11. Me ya hana su fasa ƙwayoyin jikinmu? Kuma me ya sa harbin zuma ke fasawa?

Kariyar ta fito ne daga bambancin da ke tambaya ta 3, kuma kariya ce ta gwargwado. In aka ƙara yawa sosai, kusan kowannensu zai taɓa ƙwayoyinmu. Melitin, mai amino asid 26, wanda ya kai kusan rabin busasshen dafin zuma, yana da dogon ɓangare mai gudun ruwa da ke nutsewa cikin PC ba tare da taimakon caji ba, don haka bai bambance bakteriya da jan ƙwayar jini. Masu ƙera sababbin feftaid sun san wannan tarko: ƙara caji yana ƙara ƙarfi a kan bakteriya har zuwa wani mataki, ƙara gudun ruwa kuma da farko yana taimakawa, amma in ya wuce kima sai fasa jini ya hau, feftaid su dunƙule da juna a ruwa su kasa ratsa bango.

12. Me ya sa feftaid mai ƙarfi a ruwan gwaji ke yin sanyi a jini?

Dalili uku. Gishirin jiki, kusan milimola 150, yana lulluɓe caji ya rage jan da ke tsakanin feftaid da tantani, maganiziyam da kalsiyam kuma, ko da milimola 1 zuwa 2 ne, suna gasa da shi a kan LPS. Beta-difensin 1 na mutum sananne ne wajen rasa ƙarfi a gishiri. Na biyu, albumin da lifofurotin suna kama shi su rage wanda ke yawo a sake. Na uku, inzayim masu yanka furotin, musamman irin tirifsin, suna yanka daidai bayan laisin da arjinin, wato amino asid ɗin da ke ba shi caji. Ana rage matsalar da sa amino asid na D, da haɗa kan sarƙa da jelarta ta zama zobe, da rufe ƙarshenta da amaid, wanda ke ƙara caji ɗaya.

13. An ce bakteriya ba za ta iya bijire musu ba. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Bijirewar ta fi wuya da jinkiri idan aka kwatanta da maganin da ke kama inzayim guda, amma tana faruwa, kuma hanyar da aka fi bi ita ce rage cajin ɗebewa. *S. aureus* na amfani da ƙwayoyin gado na dlt ta liƙa D-alanin a asid taikoyik, da inzayim MprF ta liƙa laisin a PG. *Salmonella* da *Klebsiella* suna da na'urorin ji, PhoPQ da PmrAB, waɗanda in sun ji feftaid ko ƙarancin maganiziyam sai su sa a rufe fosfet na lifid A da sukari mai suna L-Ara4N ko da fosfo-etanolamin. Wasu suna yanka feftaid da inzayim irin OmpT da oriyolaisin, *Neisseria gonorrhoeae* na fitar da shi da famfon MtrCDE, kwanson *Klebsiella* kuma yana riƙe shi a nesa. *Proteus* da *Serratia* da *Burkholderia* da ma can folimiksin ba ya cin su.

A ƙarshen 2015 masu bincike a Sin suka ba da rahoton mcr-1, ƙwayar gadon bijire wa kolistin (maganin feftaid ɗan uwan folimiksin B), a *E. coli* na aladu da nama da marasa lafiya. Inzayim ɗinsa fosfo-etanolamin yake liƙawa a lifid A, abin da aka riga aka sani. Abin tsoron shi ne yana kan filasmid, wato ƙaramin zoben DNA da bakteriya ke iya miƙa wa juna, don haka yana tsallakawa daga bakteriya zuwa wata. An same shi daga baya a nahiyoyi da dama, har da kaji a Najeriya. Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙara girma a 2017. Duk mai kiwon kajin da ke zuba shi a ruwan sha ba tare da umarnin likitan dabbobi ba, wannan bijirewa yake renowa.

14. Waɗanne ake amfani da su a asibiti yanzu?

Folimiksin B da kolistin zobe ne mai jelar kitse: caji biyar suna kama fosfet na lifid A, jelar ta nutse. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a tantanin ciki ma LPS ɗin da ke kan hanyar fita kolistin ke kamawa. Giram-negatif kawai suke ci, kuma ana ajiye allurarsu ga cutukan da magunguna masu ƙarfi irin kabafenem suka gaza, saboda suna taruwa a ƙoda su yi mata lahani. Folimiksin B na cikin wasu magungunan ɗigawa a ido da kunne da man shafawa. Kolistin na allura yana zuwa ne a siffar CMS, wadda ba ta aiki sai jiki ya juya ta, kuma awonsa kan rikita mutane: yunit miliyan ɗaya daidai yake da kusan miligiram 80 na CMS, ko kusan miligiram 33 na ainihin kolistin. A karanta kwalba da kyau a ga da wane awo aka rubuta.

Daftomaisin, wanda Amurka ta amince da shi a 2003, na Giram-fozitif ne irin su MRSA, wato *S. aureus* mai bijire wa maganin metisilin. Shi cajin ɗebewa gare shi, sai ya kama kalsiyam kafin ya iya manne wa PG da lifid II. Ba a ba da shi don ciwon nimoniya, domin maiƙon da ke shafe cikin huhu yana kama shi ya hana shi aiki, ana kuma bibiyar inzayim CPK saboda lahanin tsoka.

15. Wane gwaji ke nuna cewa tantani aka fasa?

Kowane tantani da rininsa. Don tantanin waje ana amfani da NPN, wanda ƙyallinsa ke tashi in ya samu shiga maiƙo: a haska a nanomita 350, a karanta a 420. Don rushewar lantarki akwai diSC3(5), wanda ke taruwa a ƙwaya mai rai ya dushe, in lantarki ya faɗi ya fito ya yi ƙyalli a kusan 670. Don manyan kafofi akwai furofidiyam ayodaid da SYTOX Green, waɗanda sai sun shiga sun kama DNA suke haske. Nau'in *E. coli* ML-35 ba shi da furotin mai shigo da laktos, saboda haka ONPG, sinadarin da ke zama rawaya in inzayim na cikin ƙwaya ya yanka shi, ba ya canza launi sai tantanin ciki ya buɗe.

A lifosom ana cusa rinin kalsin mai kauri, kusan milimola 70, a tace su ta ramukan nanomita 100, a raba rinin waje, sannan a sa sabulun Triton X-100 a ƙarshe ya fasa su duka don samun yoyo na kashi 100. A yi biyu, ɗaya na PE da PG, ɗaya na PC da kolestarol. Murɗewar feftaid kuma na'urar CD ke nuna ta, da kwari biyu a nanomita 208 da 222. Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna rini ba tare da ƙirga masu rai a lokaci guda ba. In bakteriya ta mutu a minti biyar amma rini bai shiga ba sai bayan awa ɗaya, yoyon sakamakon mutuwa ne. A kuma gwada feftaid da rini kaɗai ba bakteriya, domin wasu suna dusar da diSC3(5) da kansu.

16. Sakamakon MIC, wato mafi ƙarancin awon da ke hana bakteriya girma, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ina matsalar?

A fara duba roba. Feftaid masu cajin tarawa suna manne wa gilashi da folistairin, musamman farantin da aka gyara don renon ƙwayoyin dabba, kuma a ƙaramin awo asarar na iya cinye mafi yawan abin da aka zuba. Hanyar Hancock ita ce faranti mai ramuka 96 na folifurofilin, a tsarma feftaid a asid asetik kashi 0.01 mai albumin kashi 0.2. Sai yawan bakteriya: 500,000 a kowace mililita, awa 16 zuwa 20 a digiri 35 zuwa 37. In aka zuba fiye da haka MIC na hawa, saboda lissafin tambaya ta 5: ƙarin ƙwayoyi, ƙarin tantanin da za a rufe. Sai awon hoda: busasshen feftaid da aka ƙera yana ɗauke da ruwa da gishirin TFA, ainihin feftaid sau da yawa kashi 60 zuwa 80 ne na nauyin.

Magungunan asibiti suna da nasu ƙa'idojin. Kolistin ba ya yaɗuwa da kyau a aga, daskararren abincin da ake renon bakteriya a kai, don haka gwajin faifan takarda ba abin dogaro ba ne. Shawarar haɗin gwiwa ta 2016 ta CLSI da EUCAST, hukumomin tsara ƙa'idojin gwaji na Amurka da Turai, ita ce tsarmawa a romon Mueller-Hinton, da kolistin salfet ba CMS ba, a farantin folistairin da ba a gyara ba, kuma ba a ƙara folisobet 80. Daftomaisin na buƙatar a kai kalsiyam na romon miligiram 50 a lita, in ba haka ba zai fito kamar bakteriyar ta bijire.

17. An gano dubbai, me ya sa kaɗan ne suka zama magani?

Matsalolin tambaya ta 11 da ta 12 ne, haɗe da tsadar ƙira, tunda amino asid ɗaya bayan ɗaya ake ɗorawa. Feksiganan, mai amino asid 22 da aka gina a kan magainin, an gwada shi a matsayin man shafawa ga gyambon ƙafar masu ciwon sukari. Hukumar FDA ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, sabon gwajin da aka kammala a 2016 kuma bai nuna ya fi kulawar gyambo da man da ba magani a ciki ba. Murefabadin, wanda aka ƙera don *Pseudomonas aeruginosa*, an dakatar da gwajin allurarsa a 2019 saboda lahanin ƙoda.

Inda suka fi samun shiga shi ne wuraren da ake iya zuba mai yawa kai tsaye ba tare da bi ta jini ba: fata, ido, kunne, shaƙa zuwa huhu, da adana abinci. Ana kuma nazarin haɗa su da wasu magunguna. Wani guntun folimiksin B da aka yanke wa jelar kitse ba ya iya kisa sosai, amma yana buɗe tantanin waje yadda rifamfisin da eritiromaisin, waɗanda da ba sa iya shiga Giram-negatif da kyau, za su samu hanya.